Ta Ina Maganin Zai Fita?

Wata Laraba bayan sallar Magariba na raka gwaggona kemis, a wani ƙauye da ke kan hanyar Rano zuwa Kibiya. Jikanta take ja a hannu, yaro ɗan shekara bakwai, da hula a ka duk da zafin da ake yi. Da ta zare hular sai ga ƙora wuri uku, kowace ta kai faɗin murfin kwalba, gashin wurin ya kakkarye, fatar ta yi furu-furu kamar an barbaɗa toka. Mai kemis ɗin saurayi ne mai ladabi. Ya haska da fitilar wayarsa, ya ce, "Iya, makero ne ya hau masa ka. Na shafawa ba zai yi ba, sai na sha." Gwaggo ta kwance bakin zane, ta ce, "To likita, a ba ni na ɗari biyar." Ya ɗauko kati, ya sa almakashi ya yanko ƙwaya shida, ya jefa a 'yar farar leda, ya ja layi biyu da biro, ɗaya safe ɗaya yamma. Na kwana uku ke nan. Muka yi godiya muka fito. Ni ma ban ce uffan ba, don a lokacin ban san akwai abin cewa ba.

Sai da aka yi wata guda da 'yan kwanaki na sake leƙawa. Ƙorar ta ƙara faɗi, ta huɗu ta fito a ƙeya, ƙanwar yaron ma ta ɗauka. Gwaggo ta riga ta yanke hukunci: "Maganin yanzu duk jabu ne, ɗan nan. Alli suke dannawa su sayar mana." Na ɗauki guntun katin na kai wa wani abokina masanin harhaɗa magunguna a Kano. Ya juya shi gaba da baya, ya ce shi bai ga alamar jabu ba. Girisofulbin ne, wanda masu kemis suka fi sani da Fulcin, kuma shi ne daidai maganin ƙora. Saurayin nan ya gane ciwo, ya kuma ɗauko abin da ya dace. Abin da bai faɗa ba, wataƙila don shi ma ba a taɓa faɗa masa ba, shi ne maganin na mako shida ne zuwa takwas, kuma da abinci mai maiƙo ake shansa.

Tun daga ranar nake kasa kunne ga irin tambayar da muke yi a gaban mai magani. Nawa ne? Sau nawa ake sha? Mai zurfin tunani ya ƙara da cewa, kafin a ci abinci ko bayan an ci? Duk tambayoyin shiga ne. Ban taɓa jin wanda ya tambayi ta ina maganin zai fita ba, ko kwana nawa zai yi a jiki kafin ya fita. A ganina tambayar nan da ba ma yi ta fi sauran nauyi, domin amsarta ce ke nuna wa zai iya shan magani, wa zai cutu da shi, har yaushe za a sha, da me kuma ba za a haɗa shi ba. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To a cikin magunguna akwai raɓar gaske, wadda hantsi bai gama ɗagawa ba ta bushe, akwai kuma baƙon da zai sauke kaya ya nemi igiyar shanya. Magungunan fangas, wato dangin fumfunar da ke kawo mana makero da ƙora da kyasbi da wani nau'in sanyin mata, suna da kowane iri a cikinsu. Mu kuwa duk shan farasitamol muke yi musu.

Manyan ƙofofin fita biyu ne, hanta da ƙoda. Kusan duk abin da hanji ya tsotsa, ta hanta yake fara bi kafin ya zaga jiki. Aikinta ya yi kama da na injin niƙa: tana da sinadaran da ke farfasa magani su mayar da shi abin da ruwa zai iya ɗauka. Daga nan ko dai ƙoda ta tace shi ya bi fitsari, ko ya bi ruwan matsarmama ya koma hanji ya fita da bayan gida. Wani maganin kuma ba ruwansa da injin, yadda ya shiga haka ƙoda za ta fitar da shi. Abin da ya sa magungunan fangas suka fi takura wa wannan tsari shi ne, ginin ƙwayar fangas ya fi na bakteriya kusa da ginin ƙwayoyin jikinmu. Dangin fulukonazol da ketokonazol suna toshe wani sinadari ne da fangas ke gina fatar ƙwayarsa da shi, sinadarin nan kuwa gida ɗaya suka fito da waɗanda ke niƙa a hantarmu. Makullin da aka yanka don ƙofar ɓarawo, sai ga shi yana shiga wasu ƙofofin mai gida.

Mu fara da na jikan Gwaggo. Tsohon magani ne. A 1939 wasu masana a Landan suka fitar da shi daga wata fumfuna, aka jima ba a san amfaninsa ga mutum ba, sai a 1958 wani masani a Gilasgo mai suna James Gentles ya nuna cewa idan aka ba wa ɓeran Masar mai makero ta baka, yana warkewa. Halinsa na farko shi ne ba ya shiri da ruwa. Ka haɗiye shi da ruwan randa a kan yunwa, kaso mai yawa zai bi hanji ya wuce salin alin ya ƙare a masai. Mai yake bi. Idan ya tarar da maiƙo a ciki, abin da jini ke ɗauka yakan kusan ninkawa. A ƙasar da ake toya ƙuli-ƙuli a kowane lungu, ga kunun gyaɗa, ga ƙosai da awara, ga kindirmo da man shanu a kan 'yan matan Fulani, wannan sharaɗi ba abin wahala ba ne. Ba a dai faɗa wa mutane ba ne. Gwaggo da ruwa zalla take ba shi, da sassafe kafin ya karya, don a saninta magani ya fi kama jiki idan ciki ba komai.

Halinsa na biyu kuwa, ɗan Rano ya kamata ya riga kowa ganewa. A labarin Hausa Bakwai, Rano da Kano aka ba wa sarautar baba, wato rini. Marina sun san bambancin tsoma ɗinkakkiyar riga a karofi da rina zare tun kafin ya je hannun masaƙi, yadda ake yi wa saƙi. Girisofulbin zare yake rinawa. Fangas ɗin ƙora a cikin silin gashi yake zaune, inda man shafawa ba ya kaiwa, kuma maganin ba ya bin tsohon gashin ya kashe abin da ke ciki. Jini ne ke kai shi saiwar gashi, ya shiga cikin sabon da ake kan saƙawa. Sabon ya fito da magani a jikinsa, fangas ya kasa yaɗuwa a ciki, don an hana ƙwayarsa rabuwa biyu. Tsohon gashi mai ciwo sai dai sabon ya turo shi waje, aska ko kilifa ta ɗauke. Gashin mutum kuma kimanin santimita ɗaya yake yi a wata. Wanda ya sha na kwana uku, abin da ya rina bai fi kaurin farce ba, sannan aka ci gaba da saƙa da farin zare.

Da a ce maganin yana zama a jiki, da ƙwaya shidan nan sun ɗan taɓuka wani abu. Ba ya zama. Hanta tana kama shi ta farfasa, cikin awa 9 zuwa 24 rabin abin da ke jini ya tafi, gwargwadon hantar mutum. Abin da ke fita a fitsari dusarsa ce kawai. Wanda ya fita da ƙarfinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Gumi ma yana ɗaukarsa ya kai shi saman fata, wanda alheri ne ga mai makeron jiki, amma ana daina sha da kwana biyu ko uku fatar za ta wayi gari babu shi. Shi ya sa ake bin sa kullum ba fashi, kuma da nauyin yaro ake auna shi, kilo-kilo. Ni dai ban ga sikeli a kemis ɗin da muka je ba.

Yana da wata ɗabi'ar da ya kamata kowace mace ta sani. Idan ya daɗe yana bi ta hanta sai ya zaburar da injin, ya riƙa gudu fiye da ƙa'ida, yana niƙe har abin da ba nasa ba. Matar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa, ta haɗa da wannan don makeron da ya fito mata a wuya, ƙwayar tazarar za ta iya rasa ƙarfi ba ta sani ba. Ga shi kuma maganin an hana mai ciki, saboda illar da ake tsoron zai yi wa ɗan tayi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Namiji ma ana ba shi shawarar ya dakata da neman haihuwa sai wata shida bayan ya gama. Wa ya taɓa jin an faɗi haka a kemis?

A daren nan da na raka Gwaggo kemis, muna tsaye, wani magidanci ya zo da tsohon kati da babu komai a ciki, ya miƙa ƙasa-ƙasa ya ce, "Irin wannan za ka ba ni, guda goma. Na iyali ne." Kowa ya san wannan zuwan. Kunya ba ta barin mace ta zo da kanta ta ce tana fama da ƙaiƙayi, sai ta aiko miji ko yaro da fanko. Daga baya na gane katin na fulukonazol ne mai miligiram 150, wanda kamfanin Pfizer ya ƙirƙiro a Ingila, ya fara sayarwa a ƙarshen shekarun 1980 da sunan Diflucan. A wurin matanmu sunansa maganin sanyi, ko maganin infekshin, kuma da yawa kullum suke sha har abin da aka sayo ya ƙare.

Wannan shi ne baƙon da ke sauke kaya. Ruwa yake so, babu ruwansa da an ci ko ba a ci ba, fiye da kashi 90 cikin 100 yana shiga jini. Yana ratsa ko'ina, miyau, ruwan nono, har ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake amfani da shi ga wani nau'in sanƙarau da fangas ke kawo wa masu cutar ƙanjamau. Hanta ba ta cika niƙa shi ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 a fitsari yake fita, yadda ya shiga. Kuma ƙodar ba ta sauri da shi: tana tace shi, ta sake mayar da mafi yawansa cikin jini, sai an yi wajen awa 30 kafin rabi ya tafi. A lissafa. Wadda ta sha ƙwaya ɗaya ranar Asabar da safe, Lahadi da azahar rabi na nan, Litinin da isha kwata na nan, sai wajen Juma'a za a ce ya kusa ƙarewa.

Shi ya sa ƙwaya ɗaya tak ake ba wa mai ƙaiƙayin fangas wanda bai tsananta ba. Mai sha kullum tana zuba sabo ne a kan tsoho, kafin mako ya zagayo abin da ke jininta ya ninka biyu da wani abu. Akwai ciwon da likita ke son haka da gangan, amma ƙaiƙayin kwana uku ba ya cikinsu. Kuma kalmar sanyi a bakinmu buhu ce da muke zuba komai. Wani na bakteriya ne, wani ta saduwa ake ɗaukarsa kuma sai an yi wa miji magani tare. Waɗannan ko kwali guda na fulukonazol aka shanye ba zai taɓa su ba. Mai ciki kuwa, musamman a watannin farko, na cusawa ko na shafawa likitoci ke zaɓa mata, don shi ba ya shiga jini sosai. Magidancin da ya zo da fanko, babu wanda ya tambaye shi ko iyalin tana da juna biyu.

Tunda ƙoda ce ƙofarsa, duk abin da ya matse ƙofar ya ƙara masa kwana. Tsufa na matse ta. Hawan jini da ciwon suga na matse ta a ɓoye, shekara da shekaru, mutum na zuwa gona lafiya lau. Wanda aikin ƙodarsa ya ragu sosai, idan zai sha na kwanaki, rabi ake ba shi. Wanda ake wa wankin ƙoda kuma, zaman awa uku a kan na'ura yana kwashe kusan rabin maganin, sai an sake ba shi bayan ya tashi. Amma ga abin da ya fi ba ni tsoro. Shi fulukonazol bai kawo niƙa ba, sai dai yana zama a bakin injin ya hana na wasu shiga. Dattijuwa mai suga da ke shan gilibenkilamayid, ta haɗa da shi, maganin sugan ya kasa fita ya taru, sugan ya faɗi ƙasa. Sai a ga tana gumi, tana karkarwa, tana magana ba kan gado, a ce iska ce, a nemo hayaƙi, alhali ruwan sukari take buƙata da mai kai ta asibiti. A watan azumi abin ya fi muni. Haka yake yi wa wafarin, maganin tsinka jini, da fenitoyin na masu farfaɗiya. Ko an daina shansa, yana nan zaune a bakin injin kwana huɗu ko biyar.

Ketokonazol na sha kuwa, shi ne wanda nake ganin bai kamata a same shi a shagon ƙauye ba sam. Sai da tsamin ciki yake narkewa. Mu kuma kowa ka taɓa sai ya ce olsa, da omefirazol ko farin ruwan kwalba a aljihu, masu kashe tsamin, don haka sau da yawa maganin ma ba ya shiga. Mai shan maganin tarin fuka, rifamfisin ɗin nan mai mayar da fitsari ja yana zaburar da hantarsa ta niƙe shi kafin ya yi aiki. Idan kuwa ya shiga ya zauna, duk nauyinsa a kan hanta yake, kuma a wasu mutane yakan lalata ta ba sallama. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a dakatar da na shan, takwararta ta Amurka kuma ta ce kada a ƙara ba da shi don ciwon fata ko na farce. Na shafawa da na wanke kai ba su da wannan matsalar, don abin da ke ratsa fata ya shiga jini bai taka kara ya karya ba. Saurayin da ke haɗiyarsa don kyasbin da ya ɓata masa wuya kafin Sallah, garin neman gira yake shirin rasa ido.

Wace hanta ma ake ɗora wa wannan kaya? Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kusan mutum ɗaya cikin sha biyu, akasarinsu ba su sani ba. Ga kuma gubar afalatoksin, wadda wata fumfunar ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, ita ma hanta take ci. Abin dariya abin tausayi: fangas na bin hantar ta rumbu, maganin fangas na bin ta ta kemis. Duk mai shan ɗaya daga cikin magungunan nan da ya ga idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya koma kamar shayi ba madara, ga kasala ga tashin zuciya, ya ajiye maganin a ranar ya nemi asibiti. Mu kuwa mun saba, sai mu ce shawara ce, mu jiƙa saiwa, mu ƙara wa injin da ya riga ya shaƙe wani buhun.

Mun fi son labarin jabu, domin shi yana da ɓarawo a ciki, kuma ɓarawon ba mu ba ne. Jabu akwai shi, ban musa ba. A Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da majalisar kula da harkar harhaɗa magunguna ta ƙasa suka rufe shaguna sama da 1,000 a Sabon Gari da kewaye, don dillalan magani su koma cibiyar Kanawa da ke Dangwauro a kan titin Zariya. Mataki ne mai kyau: magani a inuwa, da mai sa ido a kansa. Amma iyakar abin da Dangwauro za ta iya shi ne ta tabbatar ƙwayar da ta iso ƙauyukanmu irin Tarai ko Rurum ta gaske ce. Ba ta da iko a kan almakashi.

A takarda, lasisin mai kemis na ƙananan magunguna ne waɗanda ba sa buƙatar rubutun likita. A aikace shi ne likitan unguwa, kuma ni ba na cikin masu cewa a rufe su. Mai faɗin haka bai taɓa neman magani da ƙarfe goma na dare, da damina, a ƙauyen da ke bayan dutse ba. Saurayin da ya gane ƙora da hasken waya zai iya riƙe tambaya uku a ka: akwai ciki? An taɓa yin shawara ko ciwon ƙoda? Wane magani ake sha yanzu? Idan amsar ɗaya ta zo da nauyi, ya mayar da katin kan kanta ya nuna hanyar asibiti. Rano da Kibiya mazaɓa goma-goma gare su. Sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu da ƙungiyar masu kemis ɗin za su iya tara su mazaɓa-mazaɓa, yini guda, a koya musu wanne ke bin hanta wanne ke bin ƙoda, a buga 'yar takarda da boko da ajami a manna a jikin bango. Sikeli ɗaya ba zai karya jarin kowa ba.

Na san za a ce ai talauci ne. Gwaggo na ɗari biyar ta nema don ɗari biyar ke ɗaure a zanenta. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan hujja. Amma a duba inda kuɗin ya tafi. Sau uku ta sayi na kwana uku-uku, da tazarar mako biyu a tsakani, ga wani man shafawa mai haɗi uku da maƙwabciya ta ce ya yi wa ɗanta. Duk kuɗin nan ruwa ya cinye, domin a kowace tazara hanta ta share gida tas, fangas ya koma bakin aikinsa. Da an ce mata tun farko, "Iya, wannan tafiyar mako shida ce, idan ba a shirya ba gara a jira a tara," da zakara ɗaya ta kama ta kai kasuwa ta huta. Talaka ya fi kowa iya lissafi idan an ba shi alƙaluman gaskiya. Wanda ya san tsawon tafiyar ya ɓoye masa don kada ya fasa saye, ciniki ya yi, ko da ya kira shi tausayi.

Man nan mai haɗi uku shi ma da magana a kansa. Maganin fangas ne da na bakteriya da sitiroyid a bututu ɗaya, irin wanda wasu ke shafawa don bilicin. Sitiroyid ɗin yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya warke, alhali garkuwar fatar aka kwantar, makeron na ci ta ƙarƙashi. Indiya ta riga mu bin wannan hanya. Shekara da shekaru ana shafa irin man nan, ana shan magani rabi da rabi, har wani makero ya ɓulla wanda ba ya jin tabinafin, maganin da aka fi dogara da shi. A 2020 masana suka raɗa masa suna, yanzu an gan shi har a Turai da Amurka. Magungunan fangas dangi kaɗan ne, ba su da yawa irin na bakteriya. Idan muka koya wa makeronmu jure su da 'yan ƙwayoyi shida-shida, ba wani abin kirki a sito da za a ɗauko mana.

Jikan Gwaggo daga ƙarshe asibiti muka kai shi a Rano, aka ɗora shi a sikeli, aka rubuta na mako shida, shi da ƙanwarsa. Gwaggo ba ta yi boko ba, kalanda kuma ba ta dame ta ba, sai ta ƙirga ƙwayar masara 42 ta zuba a gwangwanin madara. Kullum da yamma idan an dama kunun gyaɗa ta ba su maganin, sai ta ɗauke ƙwaya ɗaya ta jefa wa kaji. Ta tafasa hular, ta raba musu matashin kai, ta saya wa yaron rezarsa shi kaɗai, ta ja wa wanzami kunne kada ya ƙara sa masa askar kowa. A ƙarshen mako na huɗu na je gaishe ta. Ta kira yaron ta sunkuyar da kansa a rana, wani laushin gashi baƙi ya fara rufe wurin, kamar gero ya tsiro bayan ruwan shuka. Ta ce, "Ka ga ya warke, ɗan nan. Sauran maganin in ajiye wa wani ko?" Na ɗauki gwangwanin na zazzage a tafin hannunta. Ta ƙirga, sha huɗu. Ta yi tsaki, ta mayar da su, ta ƙwala wa surukarta kira ta ce a ɗora ruwan kunu.